Abin da masu tara tsoffin bindigogin soja a Amurka suka fi jaddadawa

Magidanta da ke wannan sha'awa tare da iyalinsu sukan tsaya a kan Winchester 1897, bindigar nan mai watsa ƙwayoyin darma da John Browning ya ƙirƙiro. Sojojin Amurka sun yi yaƙi da ita cikin ramuka a Faransa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, har Jamus ta kai ƙorafi a kanta a Satumban 1918.

Maganar farko ita ce jabu. Bindigar farauta ake ɗauka a maƙala mata garkuwar zafi (ƙarfen da ke kare hannu daga zafin bututun bindiga) da mazaunin banati (wuƙar bakin bindiga), a sayar da tsada a matsayin ta soja. Sai mai saye ya duba tambarin "U.S." da hoton bam mai ci da wuta, ya gwada lambar jikinta da shekarar ƙira. Kuma kada a goge ta a sake mata launi. Tsufan nan shi ne darajarta.

Kafin harbi, maƙerin bindiga ya auna gidan harsashi, don a wasu bindigogin farko-farko ya fi na yanzu gajarta. A yi amfani da harsashin darma mara ƙarfi.

Inda na fi ba su gaskiya shi ne batun yara. Wannan bindiga, muddin yatsa na danne da kunama, tana tashi da zarar an turo hannunta na ɗura harsashi gaba. Shi ya sa uba ke tsayawa bayan ɗansa, kunnuwa a toshe, harsashi ɗaya tak a ciki. An gama, a kulle bindiga, harsashi kuma a wani akwatin daban.