Idan maganin bugun zuciya ya yi wa mutum illa: shawarwarin da aka bayar

Wasu mutane sun tattauna kan abin da mutum zai yi idan maganin bugun zuciya ya yi masa illa kuma yana son kai ƙara kotu. Maganar ta fi karkata kan amiodarone, wani maganin daidaita bugun zuciya, wanda ke iya taɓa huhu, hanta, ido da ƙwayar tayiroid da ke wuyan mutum. Abin da kowa ya fara faɗa shi ne kada a daina shan maganin ba da sanin likita ba, domin bugun zuciyar na iya rikicewa.

Sai tara hujja. A nemi kwafin fayil ɗin asibiti, takardun magani da sakamakon gwaje-gwaje, a rubuta ranar da tari ko ƙarancin numfashi ya fara. Nan aka fi daɗewa, kuma da gaskiyarsu, don illa kaɗai ba ta isa a ci shari'a. Galibi sai wani likitan ya tabbatar cewa an yi sakaci, misali ba a gargaɗi majiyyaci ba, ko ba a riƙa duba hantarsa da tayiroid ɗinsa ba.

Ƙarar kamfanin da ya yi maganin ta fi wuya. A Amurka, hukuncin Kotun Ƙoli na 2011 ya toshe yawancin ƙararrakin rashin gargaɗi a kan kamfanonin da ke yin kwafin magani bisa izinin hukuma (wato generic). A ga lauya da wuri, saboda shigar da ƙara na da wa'adi, kuma kowace ƙasa da nata.