Gyara ne ko ratse?

Baban Hanif: Jama'a, maganar nan da muka taso muna ji, wai jijiyar ƙwaƙwalwa in ta mutu shi ke nan, to maganar ta faɗi warwas. A 2023 aka sanar cewa masana a Lausanne ta Suwizalan sun sa wani ɗan Holan, Gert-Jan Oskam, ya miƙe yana takawa, bayan hatsarin keke ya ji masa rauni a laka tun 2011.

Malam Isa mai waya: Yallaɓai, a hankali dai. Na'ura aka dasa masa a ƙoƙon kai, tana karanta niyyarsa ta ɗaga ƙafa, ta aika wa wata da ke jikin lakar, ƙasa da wurin raunin. Gada ta karye, aka yi ratse. Gadar tana nan a karye.

Baban Hanif: In ratse ne kawai, me ya sa daga baya yake iya takawa da sanduna ko an kashe na'urar?

Malam Isa mai waya: Ai lakar ba ta tsinke duka ba. Ragowar jijiyoyin da suka tsira ne atisaye ya ƙarfafa.

Anti Zulai: To Malam, wannan ɗin ba gyara ba ne? Kullum muna gani a ɗakin gashi, inda ake yi wa marasa lafiya atisayen motsa gaɓoɓi. Mai shanyewar ɓarin jiki, ƙwayoyin da suka mutu ba sa dawowa, amma maƙwabtansu na koyon aikin. Hannun da aka kawo kamar tsumma, wata uku sai ka ga ya riƙe cokali.

Auwalu ɗalibi: Ni dai ina bayan Baba. Jami'ar Kyoto ta Japan ta dasa wa masu cutar makyarkyata (Parkinson) sababbin ƙwayoyin da ke samar da dofamin, sinadarin ƙwaƙwalwa da cutar ke ragewa. Sakamakon ya fito a 2025: ƙwayoyin sun rayu, suna aiki, kuma ba su zama ƙari ba.

Malam Isa mai waya: Mutum bakwai fa, Auwalu! Tun 1987 Dakta Benabid ya fara kwantar da karkarwa a Faransa da wayar lantarki da ake dasawa a ƙwaƙwalwa, har yau cutar na ci gaba da cin ƙwaƙwalwa a ƙarƙashin wayar. Amma na yarda, na Kyoto ya fi kama da sake gini.

Maman Ummi: Ku yi haƙuri na katse ku. Hajiyarmu sati biyu ke nan da faɗuwa, hannun dama ba ya motsi. Mu jira ta ƙara ƙarfi?

Anti Zulai: Allah ya ba ta lafiya. Kada ku jira, Yaya. Watannin farko ne ƙwaƙwalwa ta fi karɓar koyo. Ku tambayi likitanta gobe a fara gashi, maganin hawan jini kuma kada a tsallake.