Shawarwarin da Aka Bayar kan Amfani da Bcc a Saƙon Imel na Jama'a

A wani zama da sakatarorin ƙungiyoyi suka yi a Tudun Wada, Kaduna, wata hajiya ta kawo kuka. An tura gayyatar taron iyayen yara, adireshinta na imel a fili tare da na kowa, ba a jima ba wani ya fara damunta da tallar filaye.

Shawarar da ta fi samun karɓuwa ita ce a zuba adireshin mutane a gurbin Bcc, mai aikawa ya sa nasa a gurbin To. Kowa zai samu saƙon, amma ba zai ga adireshin wasu ba. A manhajar Gmail ta waya, gurbin yana ɓoye ne, sai an taɓa ƙaramar kibiyar da ke gefen To. Wannan ne ke sa mutane da yawa ba su san da shi ba.

Wani malami ya ja hankali: idan wanda ke Bcc ya danna amsa wa kowa, waɗanda ke To da Cc (gurbin kwafi da kowa ke ganin adireshin da ke cikinsa) za su gane an sa shi. Don haka Bcc ba kayan gulmar ofis ba ne, kuma na yarda da shi.

Kwamitin mutum biyar da suka san juna, Cc ya wadatar, tunda ana son muhawara.

An kuma tuna cewa Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta shafi adireshin imel. Gmail na kyauta kuwa ba ya barin a tura wa fiye da mutum 500 a rana, masu dogon jeri sai su rarraba.