Neman shawara: duniyoyina kamar ƙwallon roba, taurarina kamar gishiri

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimakon masu ido a harkar zane. Aikina katin biki, katin suna da fostar maulidi, shekara huɗu ke nan ina yi da kwamfuta a nan Kumasi. To shugaban makarantar da ƙannena ke zuwa ya ba ni aikin da ban taɓa yin irinsa ba. Yana son babban hoton rana da duniyoyi takwas, faɗi mita 3, tsayi mita 2, a manna a bangon ajin kimiyya, da sunan kowace da Turanci da Larabci a ƙarƙashinta. Na karɓi rabin kuɗi ta Momo, na ce sati uku, yau saura kwana 12.

Na zana da manhajar gyaran hoto ta GIMP. Duniyoyin sun fito kamar ƙwallayen roba na yara da ake zubawa a kasuwar Kejetia, taurarin kuwa kamar an watsa gishiri a baƙin tire. Na kai ɗan gwaji aka buga, baƙin ya dawo ruwan toka, hasken gefen rana ya yi layi-layi kamar matakala, rabin taurarin sun ɓace. Kwamfutar tsohuwa ce, ram ɗinta, wato ƙwaƙwalwar aikinta, 8 ne kawai. Ga hoton nan na saka. A gaya mini gaskiya, ba zan ji haushi ba.

Mai zane daga Nima:
Wa alaikumus salam ƙanena. Tunda ka ce gaskiya, ga ta. Hannunka ba shi da laifi, haskenka ne ya rikice. Na ƙirga: rana tana hagu, amma Mas hasken ya zo mata daga sama, Jufita daga gaba, ɗaya ma ta dama yake dukanta. Ido ba ya buƙatar ilimin taurari kafin ya gane an yi masa ƙarya.

Daren nan, in an ɗauke wuta, ka ce alhamdulillahi. Ɗauki lemu ɗaya da tocila, ajiye lemun a tebur, haska shi daga gefe guda, ka zauna ka kalla minti goma. Za ka ga ɓangaren da ke fuskantar tocila ya yi fes, hasken yana raguwa a hankali, har ya kai wani layi inda duhu ya fara. Duba yadda ƙofofin fatar lemun suke fitowa ƙuru-ƙuru a daidai wannan layin, alhali a tsakiyar haske sun shafe. Sirrin zanen duniyoyi kusan duka yana kan wannan layin. Shi ya sa wata daren bakwai ya fi wata daren sha huɗu nuna ramuka ga mai duba shi da madubin hangen nesa: hasken gefe ke fitar da tudu da kwari.

Kai kuma tsoron duhu kake. Ka bar kowace duniya a haske ko'ina don kada a ce ba ka gama ba. Bar kashi ɗaya cikin uku, ko ma rabi, ya nutse. Kuma cire wannan zoben hasken da ka kewaye su da shi. Iskar da ke lulluɓe da duniya tana ƙyalli ne a gefen da rana ke duka kawai, siririya, tana mutuwa kafin ta kai duhu. Udarid ma, wato Mercury da ta fi kusa da rana, ba ta da iskar da za ta yi wannan ƙyalli, kada ka ba ta.

Abu ɗaya da ya ba ni dariya: akwai taurari uku a cikin duhun Jufita. Duhun nan jikinta ne, ba taga ba ce. Tauraro a cikin bakin jinjirin wata a kan hasumiyar masallaci alama ce, tana da kyau a wurinta, amma a sama ba ya faruwa. Yi cikakken baƙin da'ira a bayan kowace duniya ya rufe taurari.

Ɗan Aboabo:
Yaya na gode, kunya ta kama ni a kan taurari ukun nan. Launin jikinsu fa? Da burushi na yi ta shafawa.

Mai zane daga Nima:
Daina wahalar da kanka. Akwai taswirar jikin kowace duniya a shimfiɗe, faɗinta ninki biyu na tsayinta, an yi su ne don a naɗe a jikin ƙwallo. Shafin Solar System Scope yana ba da su kyauta, sharaɗin kawai ka ambaci inda ka samo, sai ka rubuta da ƙaramin rubutu a kusurwa. Yawancin hotunan NASA ma ba su da haƙƙin mallaka, tambarinsu ne ba a ɗauka. Sauke Blender, manhajar da ake ƙera siffa a haska ta kamar ta gaske, kyauta ce. Ƙwallo ɗaya, taswira a jikinsa, fitilar rana guda ɗaya, ka kashe hasken bayan fage gaba ɗaya. Fitar da kowace duniya ita kaɗai ba tare da bango ba, sannan ka haɗa su a GIMP. Ram 8 zai ɗauka in ɗaya bayan ɗaya kake yi.

Malamin kimiyya a Tafo:
Ni ba mai zane ba ne, amma irina ne za su tsaya gaban bangon nan shekara da shekaru suna amsa tambayar yara, don haka ina da hakki a ciki. Ɗana, a hotonka duniyarmu ta kai rabin Jufita. Yaron da ya girma yana kallon haka da wuya ka cire masa shi.

Faɗin Jufita ya ninka na duniyarmu sau 11, na Satun sau 9 da ɗoriya, Uranus da Neftun kusan sau 4, Mas rabi, Zahra, wato Venus, kusan daidai da mu. Na yi maka lissafi a kan bangonka. In ka ba duniyarmu santimita 4, Jufita za ta samu 44, Satun 38, da zobenta kusan 86, Uranus da Neftun 16 kowace, Mas 2, Udarid ɗaya da rabi. Duk za su shiga mita 3 har da sarari. Rana kuwa ta ninka mu sau 109, wato za ta wuce mita 4, ta fi bangon. Nuna gefenta kawai a hagu, kamar katon tulu da ya leƙo. Yara za su fi tsorata da girmanta a haka.

Nisa kuma ka haƙura da shi. A wannan awo, tsakaninmu da rana mita 470 ne, Neftun kuwa kilomita 14, ka bar gari ke nan. Sai ka rubuta a ƙasa: girma daidai yake, nisa an taƙaita. Layin nan guda darasin awa ɗaya ne a wurina.

Jufita da Satun ba cikakkun da'ira ba ne. Suna juyi da sauri, Jufita ba ta cika awa 10 ba take kammala kwananta, shi ya sa cikinsu ya kumbura. Danne Satun daga sama da kamar kashi 10 cikin 100, Jufita kamar kashi 6. Kada ka manta da baƙin layin da ya raba zoben Satun biyu, da inuwar jikinta a kan zoben, da inuwar zoben a kan jikinta. Hotunan kumbon Cassini, wanda ya kewaya ta daga 2004 zuwa 2017, za su nuna maka wannan sarai. Neftun kuma kada ka zuba mata shuɗin bula. Hoton nan mai shuɗi sosai na kumbon Voyager 2 ne na 1989, an ƙara masa launi don gizagizai su fito. Binciken da aka fitar a 2024 ya nuna launinta ya fi kusa da na Uranus, shuɗi mai haske da ɗan kore. Fuluto tun 2006 aka cire ta daga jerin, takwas ɗin daidai ne.

Shawara ta ƙarshe: sunan Larabcin ya fi girma. Yadda muke furta sunan Satun da Turanci a Gana, wata rana yaro zai koma gida ya ce a makaranta an nuna masa hoton shaiɗan da zobe. Zuhal ya fi aminci.

Matashi daga Sawaba:
Yaya me ya sa za ka kashe kanka? Rubuta wa manhajar ƙirƙirar hoto abin da kake so, minti biyu ta ba ka. Na yi wa wani shagon waya haka.

Mai zane daga Nima:
Shagon waya daban, aji daban. Na gwada su: wani lokaci su ba ka duniya tara, ko zobe a jikin Jufita kamar na Satun, ko haske ta fuska biyu, wato ciwon da muke magani. Kuma girman hoton da suke bayarwa ba ya kai bangon mita 3 sai an ja shi ya dagule.

Hajiya mai ɗab'i a Asafo:
Ɗana, zo nan ɓangarena. Shekaruna a gaban injin bugawa sun fi shekarunka a kwamfuta, kuma baƙi shi ne launin da ya fi haɗa mu faɗa da masu zane. Allon kwamfuta haske yake fitarwa, takarda kuwa tawada take sha. Baƙar tawada ita kaɗai toka take bayarwa a babban fili. Sai an haɗa ta da sauran ukun. Abin da aka saba shi ne shuɗi 60, ja 40, rawaya 40, baƙi 100. Amma kafin ka juya komai, tambayi yaron da ke kan injin yadda yake son fayil. Da yawa sun fi son ka kawo shi da launin allo, manhajar injin ta juya da kanta.

Layi-layin da ka gani: kowane launi matakai 256 gare shi kawai, in ka shimfiɗa haske mai raguwa a mita biyu na duhu, dole matakan su bayyana. Maganinsa ka watsa ɗan ƙura a kan hoton gaba ɗaya, kaɗan wadda ido ba zai lura ba, sai gaɓoɓin su narke. Kuma kada ka aiko mini da fayil ta WhatsApp a matsayin hoto, matse shi yake yi, duhu ya yi dabbare-dabbare. Kawo a filashi.

Girman fayil: ɗigo 72 a inci ya isa abin da za a kalla daga nesa da mita ɗaya ko biyu, wato kamar 8,500 da 5,670. A wannan awo ɗigo ɗaya bai kai rabin milimita ba, tawada na ɗan bazuwa ta cinye shi. Nan taurarinka suka tafi. Mafi ƙanƙanta ya zama ɗigo uku. Ka zaɓi sitika marar ƙyalli, don mai sheƙi in hasken taga ya doke ta yara fuskarsu za su riƙa gani. Rubutun Larabci kuma ka duba shi da kyau, wasu manhajoji suna raba haruffan ko su juya su baya. Kai wa malamin Larabci ya karanta kafin a buga murabba'in mita shida na kuskure.

Baba na Asawase:
Ban san kwamfuta ba, jikata ke rubuta mini. Na ga hoton, kuma abin da na gani shi ne yaron nan bai taɓa kwana a fili ba. Sama ba gishiri ba ce. Da muna yara a arewa, a kan tabarma muke sanin taurari. Wani wuri cunkus, wani wuri fayau. Ga Kaza da 'ya'yanta a dunƙule, ga Zara matar wata da magariba, ga Gamzaki da asuba. Ga farin hayaƙin nan da ke ratsa sama da baƙaƙen tsage a cikinsa. Masu haske sosai ba su da yawa, da yatsu za ka ƙirga su. Fitilun Kumasi sun cinye muku sama. Hau mota ka je bakin tafkin Bosomtwe daren da babu wata, bayan an yi ruwa sama ta wanke, ka kwanta rigingine.

Malamin kimiyya a Tafo:
Baba ya faɗi abin da littafi ke faɗa, sai dai nasa ya fi daɗi. Ƙari ɗaya: Zara da Gamzaki abu ɗaya ne, ita ce Zahra da ke bangonka, wani lokaci ta fito da yamma, wani lokaci da asuba. Tafkin da Baba ya ambata kuma ramin dutsen sama ne da ya faɗo sama da shekara miliyan ɗaya, faɗin ramin kusan kilomita 10. Irin ramukan da za ka zana wa Udarid ke nan, ga namu a bayan gida.

Mai zane daga Nima:
To ga yadda za ka mayar da maganar Baba aiki. Shimfiɗa uku. Ta ƙasa dubban ƙanana masu dushi-dushi, ka goge wasu wurare da burushi mai laushi don kada su yi daidai wa daida. Ta tsakiya 'yan ɗaruruwa. Ta sama kamar ashirin, da hannu za ka dasa su ɗaya-ɗaya. Ba su launi kaɗan: masu zafi sosai fari mai shuɗi, masu sauƙin zafi ruwan lemu. Kore babu shi. Buɗe Stellarium, manhajar da ke nuna taurarin sama, kyauta ce, sa Kumasi, ka kwafi samanmu na gaske. Muna kusa da tsakiyar duniya, taurarin arewa da na kudu duk muna gani.

Ƙahonin hasken da ka sa wa kowane tauraro ma ka rage. Ba jikin tauraro ba ne, na'urar ɗaukar hoto ke haifar da su: na madubin hangen nesa na Hubble huɗu, na takwaransa James Webb manya shida saboda madubansa masu kusurwa shida. Biyar ko shida masu haske su samu, sauran a bar su. Kusa da rana da gefen duniyoyi masu haske kuma ka dusashe taurari, ido da kyamara ba sa ganin mai rauni kusa da mai ƙarfi. Dalilin da ya sa sama take baƙa ƙirin a hotunan waɗanda suka sauka a wata ke nan.

Ɗan Aboabo:
Allah ya saka wa kowa. Jiya na yi na lemu, ƙanwata ta ɗauka na samu taɓin hankali, daga baya ta cinye Jufita. Na fitar da Zuhal a Blender, minti 40 kwamfutar tana huci, amma inuwar zoben ta fito. Malam, na bi awonka, shugaban makarantar ya ce duniyarmu ta yi ƙanƙanta, na tura masa lissafin, ya yi shiru, sannan ya ce a sa mata kibiya. Baba, Asabar zan je Abono, bakin tafkin, in sama ta yarda. Hajiya, gobe bayan azahar zan kawo yanki biyu a gwada, gefen rana da wurin da ya fi duhu. Rabin mita ya isa, ko in kawo fiye?

Hajiya mai ɗab'i a Asafo:
Ya isa, amma a ainihin girmansa za ka yanko, kada ka ƙanƙance hoton duka. Ka haɗa da Udarid a ciki, ita nake jin tsoro.