Shin Tuta Ɗaya Ta Isa Ta Hana malloc Kiran Kanta?

Ɗalibi daga wani ƙauye kusa da Ringim: Assalamu alaikum. Manhajar da na rubuta da harshen C domin lissafin ruwan da famfon sola na garinmu ke ɗagowa tana cin memori a hankali, shi ya sa na lulluɓe malloc, wadda ke ba manhaja memori idan ta nema, da tawa ta hanyar LD_PRELOAD, dabarar da ke sa a fara loda laburarena kafin sauran, don in ƙirga kowane kira. Da na sa printf, mai buga rubutu a allo, a cikin malloc ɗina sai manhajar ta faɗi nan take, domin printf ma takan nemi malloc, kiran ya yi ta dawowa kaina har sitak, wurin da ake jera kiran da ba a gama ba, ya cika. Yanzu na kafa tuta ɗaya, wato alama a memori, da ke tashi idan an shigo malloc ɗina, don kiran da ya dawo ya wuce ba a ƙirga shi ba, kuma a ganina magana ta ƙare.

Malaminsa: Wa alaikumus salam. Da sauran rina a kaba, ɗana. Zare biyu gare ka, wato ayyuka biyu da ke tafiya tare a cikin manhajar, ɗaya yana karanta mita, ɗaya yana aika saƙo, kuma idan na farko ya ɗaga tutar, na biyu zai iske ta a sama, ya zaci shi ne ya dawo, ya wuce ba a ƙirga shi ba. Lissafin da kake wahala dominsa ya lalace ke nan. Ka ba kowane zare tutarsa da __thread, kalmar da ke ware wa kowane zare nasa kwafin.

Yayan ɗalibin: Allah ya gafarta Malam, ni ina ganin makulli ya fi, kowa ya jira layinsa.

Malaminsa: Makulli yana tsare adadin da ake ƙirgawa, amma zaren da ya kulle sannan ya sake shigowa kansa zai zauna jira har abada.

Wata injiniya daga Kazaure: Ina tare da Malam, sai dai __thread ɗin ma ba a sakankance da ita, domin a laburaren da aka loda daga baya glibc, wato babban laburaren C na Linux, kan tanadi wurinta da malloc, sai an zaɓi tsarin initial-exec, mai amfani da wurin da aka tanada tun farko. Abin da ya fi damuna shi ne dlsym da RTLD_NEXT, hanyar da ake nemo malloc ta asali, wadda a tsofaffin glibc takan kira calloc, 'yar'uwar malloc, tun ba a samo ta asalin ba. Ƙanena, ka ware ɗan wuri tsayayye da za ka biya wannan buƙatar ta farko, kuma kada ka dogara da __malloc_hook, tsohuwar hanyar tare kiran malloc, domin an cire ta a glibc 2.34 a 2021.

Ɗalibi: Na gode, Anti. Zan maye gurbin printf da write, wadda ba ta neman malloc, in gwada __thread da wurin tsayayyen duka biyun da daddare idan batir ya riƙe.