Tambaya: ƙwarya ta yi kiɗa, kwamfuta ta yi zane

Malamin firamare, wajen Ringim:
Assalamu alaikum. Muna da laftof ɗaya da sola a makaranta, babu intanet. So nake a kifa ƙwarya huɗu, yaro ya buga kowacce, kwamfuta ta fitar da sautin kalangu ko ganga, a kan allonta kuma launi ya fantsama daidai da bugun. Wane kaya zan saya, yaya ake haɗawa?

Mai gyaran rediyo, Gumel:
Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta malam. Kunnen aikin shi ne fiyezo, faifan tagullar nan mai farin tsakiya da ke ƙara a agogon ƙararrawa. In ya ji girgiza wuta yake bayarwa. Nemi huɗu masu faɗin milimita 27, da resista huɗu na megaohm 1, da zena huɗu na volt 5.1, sai allon Arduino Leonardo, ɗan ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa shiri daga kwamfuta. Ka lura, Leonardo na ce, ba ɗan'uwansa Uno ba. Leonardo na ɗauke da ƙwaƙwalwa mai suna ATmega32U4, kwamfuta kan ɗauke shi tamkar kibod da zarar an soka USB. Uno ba ya yin haka sai da wahala.

Jar wayar fiyezo ta tafi ƙafar allon mai suna A0, baƙar ta tafi ƙafar GND. Resista ya haɗa tsakanin wayoyin biyu, zena ma haka, gefensa mai zobe na kallon A0. Sauran ukun A1, A2, A3. In babu resista, cajin ba shi da hanyar zubewa, sai lambobi su yi ta yawo ko ba a taɓa komai ba. Zena kuwa saboda bugu mai ƙarfi kan haura volt 5 ne, allon kuma iyakarsa ke nan.

Wajen liƙa darma a farin tsakiyar, taɓa ka ɗauke. Ka daɗe, fatar azurfar ta ɓare, faifan ya tashi aiki. Manna shi a cikin ƙwaryar, ɗan gefe da inda hannu ke sauka, kada ya tsage.

Ɗalibar injiniya, Dutse:
Malam, bari in ɗora a kan na Baba mai rediyo. Allon na karanta kowace ƙafa daga 0 zuwa 1023. Fara da 100 a matsayin iyaka: in karatu ya wuce haka, ya aika harafi, a ce A0 ta aika a, A1 ta aika s. A Scratch, manhajar koya wa yara rubuta shirin kwamfuta, wadda ake saukewa sau ɗaya ta yi aiki ba intanet, sai ka ce in an danna a, kunna sauti kaza, canja launi da 15, je wani wuri, buga hatimi da alƙalamin zane. Shi ke nan zanen ya samu.

Inda ake shan wuya shi ne bugu ɗaya ya fito sau uku. Ƙwarya busasshiya ba ta daina rawa nan take, allon kuma ya fi ta sauri, sai ya ƙirga kowace girgiza. Maganinsa, bayan kowane bugu a toshe kunnen wannan ƙafar na milisakan 50. Amma kada ka sa umarnin jira na delay a shirin allon, domin zai tsayar da duka huɗun, yaro biyu su buga tare ɗaya ya ɓace. Riƙe lokacin kowace ƙwarya daban da millis, umarnin da ke ƙirga lokaci.

Sannan ka sa makunni tsakanin ƙafa ta 2 da GND, allon ya yi shiru sai an kunna. In ba haka ba, ranar da ka yi kuskure a shirin zai yi ta zuba haruffa, ka kasa ko gyara shi.

Mai ɗaukar sauti, Bichi:
Duk daidai, amma kiɗa lokaci ne. In sauti ya makara yara za su watsar. Abu biyu ke jawo haka. Sifikar Bluetooth tana da jinkiri da kunne ke ji sarai, a yi amfani da waya mai kan milimita 3.5. Na biyu, shirun da ke gaban sautin da aka ɗauka. Buɗe shi a manhajar gyaran sauti ta Audacity, yanke har bakin bugun, ajiye shi WAV. Ɗauki makaɗin garinku a ɗakin ƙasa da daddare. Rufin kwano amsa-kuwwa gare shi.

Ka sani kuma harafi ba ya ɗauke da ƙarfin bugu, tausasawa da dukan tsiya duk ɗaya za su fito. In ana son bambanci sai a koma MIDI, yaren da kayan kiɗa ke magana da kwamfuta da shi, mai awon ƙarfi daga 0 zuwa 127, da manhajar Pure Data, kyauta ce. Ni dai da Scratch zan fara. Kalangu na gaskiya da matsa tsirkiya yake magana, ƙwarya huɗu ba za su ba ka wannan ba, sai dai ka ɗauki murya huɗu daga sako-sako zuwa matse.

Mai gyaran rediyo, Gumel:
Na manta: kada ka jera ƙwarya huɗun a tebur ɗaya tsirara, bugun ɗaya zai bi katako ya tayar da maƙwabciyarta. Kowacce ta zauna a kan gammo ko soson katifa. In kuma ka ji sifika na gurnani, yawanci inbata ce, wato na'urar da ke juya wutar sola ta zama ta soket. Zare cajar laftof ɗin, a yi wasan da batirinta.