Abokan ƙanena na son kafa allo inda ya rasu a hanyar Takieta, Baba ya ce a'a

Saƙon wata 'yar'uwa (ta ce a sakaya sunanta):

Assalamu alaikum mutanen zaure. Shawara nake nema, don kaina ya ɗaure.

Ƙanena Allah ya yi wa rasuwa a hanyar Takieta, tsakanin Damagaram da Maraɗi. Yana dawowa gida kan babur bayan magariba, ashe wata babbar mota ta lalace a kan kwana, an bar ta ba fitila, ko ganyen nan da ake zubawa a titi ba a zuba ba. Kafin a iso da shi likita rai ya yi halinsa. Ya bar mata da ɗiya ɗaya, ba a jima da yin sadakar arba'in ba.

Abokansa 'yan kabu-kabu sun haɗa kuɗi, har sun yi ciniki da mai walda. Allon ƙarfe suke so, da hotonsa da sunansa da ranar da abin ya faru, a kafa daidai wurin. Da suka zo gaida Baba suka faɗa masa, sai ya ce: "Kabarinsa ma ba mu rubuta suna ba, sai bakin titi?" Bai ƙara ko kalma ba.

Inna ba ta ce uffan ba a gabansa. Da dare ta kira ni ɗaki ta ce ita dai tana son ta san wurin. Ba ta ga inda ya faɗi ba, ba ta ga inda aka sa shi ba, tunda mu mata ba mu rakiyar gawa. Yaran nan kuma kullum sai sun kira ni, "Yaya, me ake ciki?" In ce su bari, ina gudun su ga kamar an watsa masu ƙasa a ido. In ce su yi, na saɓa wa Baba. Shin abin ma ya halatta? In bai halatta ba, me za a yi da kuɗin?

Wata daga Sabon Gari:

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan sa, ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari. Ki bi maganar Baba kawai.

Malamin islamiyya, Garin Malam:

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta masa, ya sa ya huta.

Ƙanwata, ki fara da kwantar wa Inna hankali cewa kukanta ba laifi ba ne. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba mu faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Yana cikin Buhari. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi. Zaman makoki kuwa kwana 3 ne, sai matar mamaci da ke takaba wata 4 da kwana 10.

Maganar allo, Baba yana da hujja. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa an hana shafe kabari da farar ƙasa, da yin gini a kansa, da zama a kansa. To in kabarin da mutum ke kwance ciki aka ce kada a ƙawata shi, ina ga wurin da jininsa kawai ya zuba? Tsorona ba yau ba ne. Yau abokansa sun san dalili. Nan da shekara 20 wani zai tsaya ya shafa ƙarfen ya shafa fuska, wata ta ajiye goro. Haka irin waɗannan abubuwa ke somawa.

Amma kada kuɗin ya koma aljihu. Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi Annabi wace sadaka ta fi, bayan mahaifiyarsa ta rasu, aka ce masa shayar da ruwa, ya haƙa rijiya da sunanta. Kuma kau da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. Ku duba waɗannan biyun.

Direba, layin Damagaram zuwa Agadas:

Gafarta Malam, na ji bayaninka, amma bari mu da muke kwana a kan hanya mu sa baki.

Allo yana aiki. Ni kaina in na hango gawar mota da aka bari a gefen titi, ƙafata da kanta take sauka daga wuta. Baƙon direba da ya fito daga Maraɗi ko ya shigo ta Matamaye bai san wace kwana ce ke cin mutane ba, sai an gaya masa. Amma hoto ba shi da amfani a wurinmu. Mai gudu ba ya gane fuska, in ma ya tsaya kallo to ya ɗauke ido daga titi. Rubutu gajere ake so, manyan baƙaƙe, da Hausa da Faransanci, fenti mai ƙyalli in fitila ta haska shi. Kuma ba daidai wurin ake kafawa ba, 'yar'uwa. Can baya ake sa shi, ta kowane ɓangare, yadda mutum zai samu damar taka birki. Wanda aka kafa a kan kwanar kanta ya zama na ta'aziyya kawai.

Abu biyu ki gaya wa yaran. Kada su tashi da safe su haƙa rami a bakin babbar hanyar ƙasa ba izini, za a tuge shi, ƙila ma a ci su tara. Su fara da mai garin da ke kusa, shi zai raka su ofishin magajin gari, jandarmomi ma su sani. Akwai kuma hukumar kiyaye haɗurra, ANISER. Na biyu, ƙafar allon a zuba mata siminti sosai, in ba haka ba masu sayen tsohon ƙarfe za su riga ku cin moriyarsa.

Mu ma fa a ƙasar nan muna da abin tunawa da haɗarin mota, sai dai ba na mutum ba ne. Itaciyar Tenere, ita kaɗai a tsakiyar hamada, wani direba ya bi ta kanta a 1973. Gangar jikinta na gidan tarihi a Yamai, a gurbinta aka kafa ta ƙarfe. Mu direbobi ba mu da bakin magana.

Wani ɗalibi, daga Faransa:

Yaya, Allah ya jiƙan ɗan'uwa. A nan wasu hanyoyi za ka ga an jera baƙaƙen siffofin mutane a tsaye, ba suna ba hoto, kowace na nuna rai guda da ya salwanta a wurin. Hukuma ce ke sa su don jan kunne. Daban suke da furanni da gicciye da dangi ke ajiyewa, irin wanda ya yi yawa a Meziko da Girka. A Amurka kuma tun 2003 aka soma ɗaure keken da aka shafe da farin fenti inda mota ta kashe mai keke.

Abin da nake so a gane, akwai alamar da aka yi don mamaci, akwai wadda aka yi don masu rai. Ta biyun ban ga abin da ya haɗa ta da addinin kowa ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ce kan gaba. Tun 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Lahadi ta uku ta watan Nuwamba a matsayin ranar tunawa da su. In abokansa na son yin wani abu a bainar jama'a, su yi amfani da ranar, su zaga tashoshin kabu-kabu kan maganar hular kwano da fitila.

Wani daga Zango:

Kai ɗan Faransa, ka bar mu da al'adun Nasara. Daga allo sai fure, daga fure sai kyandir. Mu addu'a muka gada.

Ɗalibin ya amsa:

Yaya, ba fure na ce ba. Allon da ke cewa "a rage gudu, akwai makaranta" ma ai ba kakanninmu suka bar mana ba, kuma ba wanda ya ce a tuge shi. A hamadarmu ma akwai alamar tunawa da jirgin saman kamfanin UTA na Faransa da aka tarwatsa ranar 19 ga Satumba 1989, mutum 170 suka mutu. A 2007 danginsu suka zo suka jera baƙaƙen duwatsu da siffar jirgin, da taimakon mutanen yankin. Ban ce a kwaikwaya ba, na ce dai abin ba baƙo ba ne a Nijar.

Wata da ta yi takaba, Birni:

Duk kun yi magana, ba wanda ya tambayi matarsa.

Mijina ma a hanya ya rasu, ta Mirriya. Kun san yadda na ji? A WhatsApp. Ina tsakar gida ina tankaɗe, na buɗe waya na ga wani ya ɗora hoton mutum kwance an rufa masa zane, ƙafafunsa a waje. Takalmin na gane, ni na wanke shi da safe. Wanda ya ɗora cewa ya yi don a yi addu'a. Har yau in shekara ta zagayo sai Facebook ya tono wa mutane hoton su sake yaɗawa, ni kuma in koma ranar farko.

Don haka 'yar'uwa, ki yi tunanin yarinyar nan in ta fita takaba. Duk ranar da za ta Maraɗi ko Kano ta wannan hanya, ga fuskar mijinta a bakin titi, rana ta ƙone ta, ƙura ta rufe ta, fentin ya soma ɓarewa. Ɗiyarsa ma za ta girma ta gani. Abokai za su yi hidimarsu su watse, wasu su bar sana'ar, ita za a bari da shi. Ki shiga ɗakinta ki tambaye ta, ke da ita, ba a gaban surukai ba. Kuma ki roƙi yaran, in akwai mai hoton wurin a wayarsa ya goge.

Hajiya, Kara-kara:

Ɗiyata, kun haɗa magana biyu wuri guda. Uwarku ba allo ta nema ba, cewa ta yi tana son ta san wurin. To ku kai ta mana! Ku nemi mota da sassafe kafin rana ta yi zafi, ke da ita da wani namiji cikin 'yan'uwa. Ta sauka, ta gani da idonta, ta yi masa addu'a, ta yi kukanta, ku dawo. Ba ziyarar ibada ba ce, ba kuma abin da za a mayar al'ada ba. Mahaifinku ba na jin zai hana wannan, in an faɗa masa da ladabi, kuma ba a gaban baƙi ba.

In kuma maganar shayar da ruwa da Malam ya kawo ta sa ana tunanin a sa randa a bakin titi, ina da ja. Ajiye randa ba wuya, cika ta ce aiki. Mu da ke cikin gari ma mun san yadda ruwa yake a Damagaram in bazara ta yi, balle bakin daji. Na ga randunan sadaka da yawa sun koma gidan ƙadangaru. In za a yi, a kai ta cikin ƙauyen da ke kusa, gindin inuwa ko ƙofar masallaci, a samu mai kura a riƙa biyan sa duk wata, a san kuma wa zai riƙa biya.

Malamin ya ƙara:

Abin da direba ya kawo, allon gargaɗi ba suna ba hoto, ban ga laifinsa ba, ina ma fatan ladan ya kai ga mamacin in an yi da niyyarsa. Zuwan Inna sau guda don zuciyarta ta natsu, shi ma haka.

Mai tambaya ta dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na shiga wurin matarsa kamar yadda aka ce. Ba ta son hoto sam, har ta ce in akwai saura cikin kuɗin a ajiye wa yarinya na makaranta. Kawunmu ya samu Baba, ya yarda a kai Inna ranar Asabar, allon gargaɗi kuma ya ce shi ba ruwansa muddin ba sunan ɗansa.

Inda aka tsaya yanzu abokan ne. Biyu cikinsu sun ce in ba suna to a mayar masu da kuɗinsu, sauran sun yarda. Babban cikinsu zai je wurin mai gari jibi. Malam direba, don Allah ka turo min kalmomin da kake ganin za su shiga allo ɗaya, mai walda ya ce da yawan baƙaƙe yake yin kuɗi.